Babunaj: Doguwar Tafiyar Ƙaramar Kwalba

Ƙananan kwalaben man furen kamomil da ake tallatawa a intanet, ake kuma kai wa masu saye har gida a Barnawa da Gonin Gora, suna zuwa ne da rubutun Turanci da alkawarin barci mai daɗi. Mai saye kan ɗauka sabon ilimi ne daga Turai. Sunan sana'ar dai sabo ne. Fasahar kuwa ta kwana biyu, kuma babban ɓangaren tarihinta da Larabci aka rubuta shi.

Larabawa suna kiran furen babunaj. Girkawa sun kira shi tuffar ƙasa saboda ƙamshinsa, kuma daga kalmarsu ce sunan Turancin ya fito. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambace shi a littafinsa na likitanci, Alƙanun. Kafin shi, a Bagadaza ta ƙarni na 9, an jingina wa Alkindi wani littafi mai ɗauke da hanyoyi fiye da 100 na haɗa turare da tatsar ƙamshi. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: a dafa fure da ruwa a rufaffiyar tukunya, tururi ya kwashe mai ya bi bututu, a sanyaya shi ya koma ruwa, sai man ya taso sama a yaɗe shi.

Abin mamaki ga wanda bai taɓa gani ba shi ne launi. Furen fari ne mai rawaya a tsakiya, amma man nau'in da ake kira na Jamus shuɗi ne, kamar an tsamo shi daga marina. Wannan shuɗin babu shi a jikin furen; zafin tukunya ne ke sauya wani sinadari ya zama kamazulin. Man da ake samu kuma ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin busasshen furen ba. Don haka kwalbar da ta cika araha abar tuhuma ce.

Ƙasar Hausa ta daɗe a cikin wannan ciniki. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya lissafa man wardi da lubban da jawi da kanumfari cikin kayan da ayari ke kawowa ta hamada. Ba saye kaɗai ake yi ba: akwai masu kiwon jibda, suna kwashe turarenta suna sayarwa. Daga irin waɗannan kaya, da gwanintar matan Barno, turaren wuta da humra suka zama wajibi a lefe da ɗakin amarya. Mai son ganin inda al'adar ta kai a yau sai ya zaga Kasuwar Barci a Tudun Wadar Kaduna.

Sai dai abin da ya fi kusa da magani da ƙamshi a gidajenmu shi ne sirace. A tafasa ganyen darbejiya ko na turare, a lulluɓe mai mura da bargo, ya sunkuya kan tukunya yana shaƙa. Rabin aikin Alkindi ke nan: tururi ya kwaso man ganye, amma maimakon bututu da kwalba, sai ya wuce hanci kai tsaye. Kaka ba ta san sunan sinadarin ba, amma ta san adadin ganyen da ya isa.

Sunan zamani ya fito ne daga Faransa. René-Maurice Gattefossé, masanin sinadarai daga gidan masu turare a birnin Liyon, ya ƙone a ɗakin gwajinsa a 1910, ya ce man labanda ne ya taimaka wa raunin. A 1937 ya wallafa littafin da ya raɗa wa fannin suna. Likita Jean Valnet ya biyo baya a 1964, sannan Robert Tisserand ya yaɗa shi a Ingila a 1977. Daga nan abin ya koma hannun 'yan kasuwa, kuma alkawura suka fi bincike gudu.

Shaidar da aka fi kafa hujja da ita gwaji ne da aka yi a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, aka wallafa a 2009, wanda ya nuna ɗan sauƙi ga masu fama da damuwa. Amma ƙwayoyin da aka haɗa daga furen suka haɗiya. Babu wanda aka ba mai ya shaƙa. Masu talla ba su cika faɗin wannan ba. Man da ke kwalba ya fi tururin sirace ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake sirka 'yan ɗigo da man kwakwa ko na zaitun kafin ya taɓa fata, ba a kuma shan sa, kuma yakan tayar wa wasu da ƙaiƙayi.

Furen kansa, har gobe, mai yawa daga cikinsa a Masar ake noma shi, a gonakin Fayyum, inda ake tsinkar sa da hannu a shanya, a tura Jamus.