ZARE: Sikawut, Samariya da Gayya, gardamar da ta girmi iyayenmu 🧵

1/ Ranar Asabar bayan la'asar na tarar da wasu malamai uku a Guri suna gardama kamar za su ba hammata iska. Dukkansu masu kula da 'yan sikawut ne a makarantunsu, aikin sa-kai, ko sisi ba a biyan su. Na samu gefen tabarma na zauna ina sauraro. Abin da na ji shi ya sa na buɗe wannan zaren. Ku biyo ni a hankali.

2/ Na farko ya ce yaron da ba shi da kaki kada ya shiga layi, doka doka ce. Na biyu ya ce a je wurin wani ɗan siyasa ya ɗinka wa kowa, in ya so a yi masa fareti. Na uku ya ce ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki: mu da ba a ganin mu sai 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, kakin me?

3/ Kuɗin kaki, hannun masu mulki, da fareti. Wallahi babu sabo a cikin ukun nan. An yi wannan gardama a Ingila, an yi ta a Nijar, kuma tarihi ya nuna inda kowace hanya ta ɓulle. Bari mu faro daga gida.

4/ Ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojin Turawa suka shiga Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jarumansa da dama. Bayan wata 15 kacal, a Agustan 1907, wani hafsan sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ya kwashi yara 20 zuwa tsibirin Brownsea, suka yi zaman daji na kwanaki. Nan aka haifi sikawut.

5/ Baden-Powell ba baƙon Afirka ba ne. Yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896 aka kama Sarkin Asante, Prempeh. Sunansa ya fito ne a Mafeking ta Afirka ta Kudu, inda aka yi musu ƙawanya kwana 217. A can ya ga yara ƙanana suna kai saƙo suna gadi, ya gane cewa in ka ɗora wa yaro amana zai ɗauka.

6/ To ga amsar malami na farko. Yaran Brownsea ba su da rigar yunifom. Ƙyallen wuya aka ba su, da baje, da zare mai launi a kafaɗa don a san rukunin kowa. Kuɗin ma ba ɗaya aka karɓa ba: 'ya'yan masu hali fam ɗaya, 'ya'yan talakawan gari sule uku da sisi. Da gangan ya cakuɗa su.

7/ Kun gane? Tun ranar farko an san aljihun iyaye ba ɗaya ba ne. Yau a ce ɗan masunci ya koma gida don ubansa bai iya ɗinka kaki ba, alhali shi ya fi kowa iya ƙulla igiya da tuƙa kwale-kwale, ai an juya abin ne a baibai.

8/ Ainihin sirrin tsarin shi ne ƙaramin rukuni. An raba yaran nan 20 gida huɗu, kowane rukuni da shugabansa, shi ma yaro. Babba yana gefe, yana nuni, yana sa ido. Har gobe haka tsarin yake a takarda: yara shida zuwa takwas, ɗayansu ke jan ragama. A aikace fa? Malam ne ke busa usur, shi ke ba da oda, shi ke riƙe da kuɗi.

9/ Maganar fareti kuwa ta taɓa raba ƙungiyar biyu. A 1909, shekara biyu da farawa, wasu jagorori a Landan suka ɓalle suka kafa British Boy Scouts, suna ƙorafin an cika salon soja da mulki daga sama. Sir Francis Vane ya zama shugabansu. Su ma fa 'yan sa-kai ne kamar malamanmu na Guri, kuma a kan abu guda suka yi faɗa.

10/ A shekarar dai, a babban taron Crystal Palace, 'yan mata suka bayyana ba tare da an gayyace su ba, suka ce su ma sikawut ne. Dole a 1910 aka kafa musu Girl Guides ƙarƙashin ƙanwarsa Agnes. A 1919 kuma aka fara horar da manyan a Gilwell Park, don an lura kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa a riƙe yaran mutane ba.

11/ Sikawut ta iso Najeriya a 1915, ƙasarmu ta shiga ƙungiyar duniya a 1961. A Arewa ta ƙofar makarantar boko ta shigo, kuma a zamanin Turawa alkawarin da yaro ke ɗauka ya haɗa da biyayya ga Sarkin Ingila. Ku kwatanta yadda wannan zai zauna a kunnen dattijon da ya ga 1906 da idonsa. Shi ya sa ta daɗe a cikin shingen makaranta, ba ta shiga gari sosai ba.

12/ Kuma garin ba zaune yake haka kawai ba. Kafin kaki akwai Sarkin Samari da 'yan majalisarsa, 'yan mata ma da tasu shugabar. Akwai gayya: a buga ganga, samari su fito da fartanya su nome gonar tsoho ko ta surukin abokinsu, su gyara hanya, su yashe rijiya. Wanda ya ƙi fita tsararsa ne ke cin sa tara, ba sai an kai gaban manya ba.

13/ Duba da kyau: samari ke shugabantar samari, aikin kuma kowa na ganin amfaninsa. Abin da Baden-Powell ya je tsibiri yana gwadawa, kakanninmu sun riga sun saba da shi a bakin gona. Bambancin dai shi ya rubuta nasa a littafi a 1908, ya bazu duniya.

14/ Yanzu ga darasin malami na biyu, mai son a je gidan ɗan siyasa. Mu leƙa Nijar. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, ya haramta jam'iyyu. Yana neman hanyar isa ga talakawa, sai ya ɗauko tsohuwar ƙungiyar samari ta gargajiya ya mai da ita ta gwamnati: Samariya.

15/ Gaskiya ta yi aiki. A Maraɗi, Damagaram, Tawa har ƙauyuka, 'yan Samariya sun gina azuzuwa, sun dasa itatuwa, sun share gari, sun yi wasannin kwaikwayo da gasar al'adu. Amma su ne kuma masu tarbar manya da tafi, kuma oda daga sama take saukowa.

16/ Kountché ya rasu a Nuwamban 1987. Ali Saibou ya kafa jam'iyyar MNSD a 1989, aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991, siyasar jam'iyyu ta dawo. Samariya ta dusashe tare da mulkin da ya goya ta. Sunanta ya rage a jikin gine-gine, samari suka koma zaman fada da shayi. Wanda ya ɗinka maka riga, ranar da ya sauka rigar ma ta sauka.

17/ A namu ɓangaren ku dubi 'yan agaji. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, Izala a Jos a 1978, Fityanul Islam ma da nata. Suna da kaki, da muƙamai, da fareti. Amma abin da ya sa uwa ke yarda ɗanta ya shiga shi ne tana ganin su a filin Idi, a wurin wa'azi, a maƙabarta, a sansanin alhazai, suna aiki.

18/ Mu dawo Guri. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya. Kachala ta cika magudanai irin su Marma, ruwa ya rasa hanya sai gonaki da gidaje. Wanda ya ga daminar 2020 da ta 2022 ba ya bukatar a ba shi labari.

19/ Su wa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa ana ɗaga jinga? Su wa ke shiga ruwa da lauje ana yanke kachala? Samari ne, galibinsu ba kaki, ba baje. Gayya ce ta dawo da kanta saboda wuya ta kai wuya. Abin da suka rasa shi ne horo: yadda ake ceto wanda ya nutse ba tare da an tafi tare ba, yadda ake farfaɗo da numfashi, yadda ake ɗaure rauni.

20/ Wannan horon kuwa shi ne jarin sikawut. Don haka ga malamaina uku: ƙyallen wuya ya isa a fara, kaki ya zo daga baya. Gudummawa in ta zo a karɓa a rubuta a karanta gaban iyaye, amma ba da sharaɗin tafi ba. A raba yara rukuni-rukuni, a bar su su zaɓi shugabanninsu, a bar su su yi kuskure.

21/ Kuma kafin damina ta kankama, kowane rukuni ya san unguwarsa: ina ruwa ke fara shiga, wane gida ke da tsoho ko mara lafiya, kwale-kwalen wa ke kusa. A nemi malamai mata su yi haka da 'yan mata. Yaron da unguwa ta san amfaninsa, da wuya ɗan jagaliya ya saye shi da ƙwaya da dubu ɗaya.

22/ Malaman nan ba su daidaita ba har aka kira magariba, amma sun yi alkawarin sake zama. Ni dai na gode musu, don ba kowa ke ba da Asabar ɗinsa kyauta ga 'ya'yan wasu ba. Idan ka yi sikawut, agaji ko Samariya, ko babanka ya yi, faɗa mana a ƙasa: me aka koya muku da har yau yake maka amfani? Allah Ya kawo mana damina mai albarka. 🤲