Wanda Ya Faɗi, Yana Da Hanyar Dawowa?

 Da yawa cikinmu muna da dangi ko maƙwabta 'yan Katolika, muna ganin suna zuwa wurin fada su furta zunubansu, musamman kafin Ista. Yau za mu duba inda wannan al'ada ta fito.

A shekara ta 250, Desiyus sarkin Roma ya kafa doka cewa kowa a mulkinsa sai ya miƙa hadaya ga gumaka, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu a ƙasar Masar, suna nan har yau. Waɗansu masu bi suka ƙi, aka jefa su kurkuku, inda Fabiyan bishop na Roma ya mutu. Amma da yawa tsoro ya kama su. Waɗansu suka miƙa hadayar, waɗansu kuma suka ba ma'aikata kuɗi suka karɓi takardar ba tare da sun yi ba.

Da tsananin ya lafa, sai mutanen nan suka komo suna kuka, suna roƙo a karɓe su. Ku tuna fa, a cikin taron akwai gwauraye da marayun waɗanda suka tsaya har mutuwa. Ƙaƙa za su ci Jibin Ubangiji tare da wanda ya yi musu?

A Roma wani dattijon ikkilisiya mai suna Nobatiyan ya ce sam, Ikkilisiya ba ta da ikon karɓarsu, sai a bar su da Allah. A Kartej kuwa, cikin ƙasar Tunisiya ta yau, waɗansu suka shiga karɓar kowa ba tare da alamar tuba ba. Sifiriyan bishop na Kartej ya tara bishop-bishop na wannan yanki a shekara ta 251. Suka yanke cewa a saurari kowa shi kaɗai, ya furta laifinsa, ya zauna ƙarƙashin horo. Wanda ya sayi takarda a karɓe shi bayan ya tuba, wanda ya miƙa hadaya kuma ya jira, amma kada a bar shi ya mutu a waje. Karniliyus bishop na Roma ya yarda da haka. Ba da daɗewa ba, da suka ga alamar wani tsanani na tafe, suka karɓi dukan masu tuba domin su sami ƙarfin tsayawa. Sifiriyan da kansa an fille masa kai a shekara ta 258.

Horon wancan zamani mai nauyi ne. A gaban jama'a ake yinsa, da tsummoki da toka, wani lokaci shekaru da yawa, kuma sau ɗaya tak a ran mutum. Saboda haka da yawa suka riƙa jinkirta tuba sai sun kwanta ciwon ajali. Cikin ƙarni na 6 da na 7, masu zaman sufi na ƙasar Ailan suka yaɗa wata hanya a Turai: mai zunubi ya je wurin limami a asirce, duk lokacin da ya faɗi. A shekara ta 1215, babban taron Lateran a Roma, ƙarƙashin Paparoma Inosent na Uku, ya umarci kowane mai bi da ya yi wayo ya furta zunubansa ga limaminsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Taron ya kuma hana limami tona abin da ya ji. Abin da 'yan Katolika ke bi ke nan a majami'unsu.

A ƙarni na 16 Martin Luta ya ƙi a mai da wannan tilas, amma bai yar da shi ba, gama ya ga yana ta'azantar da mai nauyin zuciya. Ikkilisiyoyinmu sun bambanta a kan yadda za a yi, amma dukanmu muna karanta 1 Yohanna 1:9 da Yakubu 5:16.

Yanzu mu dubi gidajenmu. Akwai ɗan'uwan da ya ɓoye bangaskiyarsa lokacin rikici don ya tsira da ransa. Akwai 'yar da ta yi ciki ba aure, aka sa ta a kujerar baya, shekara ta zagayo ba dattijon da ya leƙa ta. Idan horo ba shi da ranar ƙarewa, mun koma koyarwar Nobatiyan ba mu sani ba. Idan kuwa muka rufe ido kamar ba a yi kome ba, mun raina jinin Almasihu.

Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku. A Yohanna 21, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, sa'an nan ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Kai da ka faɗi, kada kunya ta riƙe ka, tashi ka je wurin fada ko fasto ka buɗe zuciyarka. Ku dattawa, ku nemi wanda ke ƙarƙashin horo cikin makon nan, ku yi addu'a tare da shi. Allah mai jinƙai ya taimake mu. Amin.