Tarihin Lambobin Kuskure na Intanet da Abin da Gadarif ta Koyar

Duk lokacin da wata manhaja ta aika buƙata ga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai, amsar takan zo da lamba mai alƙaluma uku. Da farko babu wannan tsari. Ƙa'idar HTTP ta 1991, wadda Tim Berners-Lee ya tsara a cibiyar CERN, ba ta da lambobi. Mutum zai karanta saƙon kuskure ya gane, na'ura kuwa ba ta iya bambance shi da amsa ta gari.

Kundin RFC 1945 na watan Mayun 1996 ya jera lambobin rukuni-rukuni. Dangin 200 na nufin nasara. Dangin 400 na nuna matsalar tana wajen mai aikowa, kamar 404, ba a sami abin da ake nema ba. Dangin 500 kuma uwar garke ce ta gaza. A 2012 aka ƙara 429, wato buƙatu sun yi yawa, a sassauta. Amfanin rabon shi ne manhaja ta san matakin da za ta ɗauka: idan ta ga 503 sai ta jira ta sake gwadawa, amma 403 hani ce, ko an maimaita sau dubu ba ta sauyawa.

Masu rubuta manhaja a Sudan, har da na Gadarif, garin dawa da riɗi inda Hausawa suka daɗe da zama, sun san 403 sarai. A ƙarƙashin takunkumin Amurka na 1997 zuwa Oktoban 2017, wasu ayyukan Google sun riƙa mayar musu da ita. Rubutunsu lafiya lau yake, adireshin ƙasarsu ne aka toshe.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya kawo darasi mafi ɗaci. 'Yan gudun hijira suka cika Gadarif, ciniki da yawa ya koma kan manhajar Bankak ta Bankin Khartoum, sannan a Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka yanke a faɗin ƙasar. Idan layi ya yanke ana tsakiyar tura kuɗi, babu lambar da ke dawowa, sai shiru. Kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba? Sake turawa a makance na iya jawo biya sau biyu. Shi ya sa masana ke liƙa wa kowace buƙatar biya lambar shaida tata, domin idan ta sake zuwa uwar garke ta gane ta, ta ƙi cire kuɗi karo na biyu.