'Yan tsanan fina-finan almarar kimiyya: Yadda kayan wasan yara suka zama dukiya

Tara 'yan tsanan jaruman fina-finan almarar kimiyya sha'awa ce da ta samo asali a Amurka, kafin ta bazu zuwa Turai da sauran sassan duniya. 'Yan tsanan ƙananan siffofi ne na roba waɗanda ake iya juya kawunansu da hannayensu da ƙafafunsu.

Asalin lamarin

Fim ɗin Star Wars na George Lucas ya fito a watan Mayun 1977, kuma kamfanin Kenner da ke birnin Cincinnati a jihar Ohio ne ya samu izinin ƙera kayan wasansa. Karɓuwar da fim ɗin ya yi ta zo wa kamfanin bagatatan, har Kirsimeti ta ƙarato ba shi da 'yar tsana ko ɗaya a kasuwa. Sai ya riƙa sayar da kwali mai ɗauke da takardar alƙawari, wadda mai saye zai aika ta gidan waya domin karɓar 'yan tsana huɗu a 1978: Luke Skywalker da Leia da Chewbacca da R2-D2.

Tsawon yawancinsu inci 3.75 ne, wato kimanin santimita 9.5. Wannan ƙanƙanta ta sa suka yi araha, kuma suna shiga cikin jiragen wasan da kamfanin ke sayarwa. Daga 1978 zuwa 1985 an sayar da fiye da miliyan 300.

Dawowar tsohon yayi

Yaran wancan zamani sun girma da begen kayan ƙuruciyarsu, sai kamfanoni suka koma ƙera sababbi bisa tsohon tsari. A 2013 kamfanin Super7 ya fitar da 'yan tsanan fim ɗin Alien na 1979, waɗanda Kenner ya tsara tun a wancan lokaci amma bai kai su kasuwa ba. Shi ma Hasbro, wanda ya mallaki Kenner a 1991, ya ƙaddamar da jerin Retro Collection a 2019.

Abin da ke ƙara musu daraja

Ƙarancin samuwa da lafiyar jikin 'yar tsana da kasancewarta cikin kwalinta na asali su ne ke yanke farashi. Mafi shahara ita ce ta Boba Fett mai harba roka. An dakatar da fitar da ita a 1979, bayan wani yaro a Amurka ya rasu sakamakon shaƙewa da ƙaramin harsashin roba na kayan wasan wani kamfani. Samfuran gwaji kaɗan ne suka tsira. A watan Mayun 2024 an sayar da ɗaya kan dala 525,000 a gwanjon Heritage, sannan a watan Agustan shekarar wata ta haura dala miliyan 1.3 a gwanjon Goldin.

Hattara da jabu

Irin wannan kuɗi ya jawo 'yan damfara da ke ƙera bindigogi da riguna na jabu suna haɗawa da tsofaffin 'yan tsana. Haka kuma sababbin da aka yi bisa tsohon yayi kan rikita sabon shiga, duk da tambarin da Hasbro ke liƙawa a kwalinsu. Saboda haka gogaggun masu tarawa kan duba shekara da sunan kamfani da aka buga a bayan ƙafar 'yar tsana, su kuma nemi shaidar kamfanonin tantancewa kafin su biya kuɗi mai yawa.