Na'urar Saitin Bindigar Jirgin Yaƙi

Na'urar saitin bindigar jirgin yaƙi ita ce ke lissafa wa matuƙi inda zai auna, domin kafin harsashi ya isa, jirgin abokin gaba ya riga ya gusa. Takan haɗa nisa da saurin juyawar jirgi, sannan ta haska alamar saiti a gilashin gaban matuƙi. An ƙirƙiro ta a Farnborough ta Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Samfurin Amurka, K-14, ya shiga jiragen P-51 Mustang a 1944. Jirgin L-39ZA, wanda sojojin saman Najeriya ke horar da matuƙa da shi a Kano, da irinta aka ƙera shi. A yau, a kwamfuta ake fara gwada wannan lissafi.