Wasannin ƙwallon kwando na kwamfuta: NBA Live da NBA 2K

A shekarar 1983 ne kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar da wasan kwamfuta mai suna One on One, inda ake fafatawa tsakanin Julius Erving da Larry Bird, fitattun 'yan ƙwallon kwando na gasar NBA.

Daga baya wasannin suka rabu gida biyu. Akwai na nishaɗi zalla, irin NBA Jam na 1993, inda mutum biyu-biyu ke karawa, ɗan wasa ya yi tsallen da babu ɗan Adam da zai iya. Akwai kuma masu kwaikwayon wasan gaske, da 'yan wasa biyar-biyar, da alƙali, da dokoki, har da gajiya da jin rauni.

A wannan kashi na biyu, ba kyan hoto kaɗai ake dubawa ba. Masu sharhi kan duba ko ɗan wasa na amsa umarni da zarar an danna maɓalli, da ko abokan wasan da kwamfuta ke sarrafawa sun san inda ya kamata su tsaya yayin tsaron gida. Domin samun motsi irin na gaske, kamfanonin kan sa wa mutane tufafi masu na'urorin ɗaukar motsi. A NBA 2K24 na 2023 an fara ciro motsin kai tsaye daga hotunan bidiyo na wasannin NBA.

Gasa tsakanin kamfanoni biyu

Electronic Arts ya fara jerin NBA Live a 1994. Shekaru biyar bayan nan, a 1999, kamfanin Visual Concepts ya fitar da NBA 2K a kan na'urar Dreamcast ta Sega, da hoton Allen Iverson a bangonsa. Kamfanin Take-Two ya saye Visual Concepts a 2005.

Shekarar 2010 ce ta raba gardama. Electronic Arts ya sake gina wasansa, ya sauya masa suna zuwa NBA Elite 11, ya kuma saki samfurin gwaji. Sai wani bidiyo ya bazu a intanet, inda aka ga Andrew Bynum na ƙungiyar Lakers ya ƙame a tsakiyar fili, hannayensa a buɗe, wasa na ci gaba a gefensa. Kamfanin ya ɗage fitar da wasan, daga bisani ya soke shi a kan manyan na'urori.

A wannan shekarar kuma NBA 2K11 ya fito da Michael Jordan a bango, ya samu yabo sosai. NBA Live bai dawo ba sai a 2013, kuma bai sake farfaɗowa ba. Na ƙarshe a jerin a kan manyan na'urori shi ne NBA Live 19 na 2018, shekarar da Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya hau bangon NBA 2K19.

Batun kuɗi

Rashin abokin gogayya bai yi wa masu saye daɗi ba. Tun daga NBA 2K13 aka shigo da kuɗin cikin wasa da ake kira VC. Wanda ya ƙirƙiri ɗan wasansa yakan fara da shi a raunane, sai dai ya shafe awoyi masu yawa yana tara VC, ko ya saya da kuɗin gaske, bayan ya riga ya biya kuɗin wasan. NBA 2K18 ya sha suka kan haka.

Abin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce shi ne ƙunshin katunan 'yan wasa na sashen MyTeam, wanda mai saye ba ya sanin abin da ke ciki sai ya biya. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan ciniki a matsayin caca, kamfanin kuma ya daina sayar da ƙunshin da kuɗin gaske a ƙasar.

Kamfanin kan rufe hidimar intanet ta kowane bugu bayan kimanin shekara biyu, kuma VC da aka saya a bugun bara ba ya bin mai shi zuwa na bana.