Awon Yara da Idon Malami a Ƙetaren Kogin Kaduna

A da, yaron da karatu ya gagara suna ɗaya gare shi, daƙiƙi, maganinsa kuwa bulala. A shekarar 1963 ne Samuel Kirk, wani masanin ilmi na Amurka, ya jawo hankali ga yaro mai lafiyar ido da kunne da hankali, amma baƙi ko lissafi ya ƙi zauna masa. A 1971 Helmer Myklebust ya fito da takarda mai tambayoyi 24 wadda malamin aji zai cike, ya ba yaro maki daga 1 zuwa 5 a kan fahimtar abin da ya ji, da magana, da sanin lokaci da wuri, da sarrafa gaɓoɓi, da zama da jama'a. Hujjarsa ita ce malami ya fi likita ganin yaro.

A Nijeriya abin ya shigo ta wata ƙofa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta keɓe babi ga naƙasassu, ta kuma kawo auna ɗalibi a kai a kai. Ta haka takardar sakamako ta sami layukan da malami ke ba da maki kan natsuwa da tsabta da rubutu.

To, sai dai a dubi inda wannan awo ya sauka. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, sannan kamfanin Peugeot a 1975, unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da ma'aikata, Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Yarabawa. A watan Satumba na 1976 aka soma ilmin firamare kyauta. An shirya wa yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a ƙasar, sai wajen miliyan 3 suka zo, malamai da yawa kuwa horon gaggawa suka samu.

Yaron da ke jin Tibi a gida, Hausa a layi, Turanci a aji, in ya yi shiru sai a ba shi 1, alhali harshe ne ya ɗaure shi. Wanda baƙaƙe ke rikice masa da gaske, in ya iya kwafe allo ya zauna tsit, sai ya tashi da 4. Kwalejin horar da malaman da za su bambance su biyun, a Oyo aka kafa ta, a 1977.